Zauren Masu Karatu na Yamai: littattafan da miji da mata ke bin sawun mai laifi tare

Maman Nafisa (Talaje): Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Shawara nake nema. Ni da maigidana mun saba karanta littafi ɗaya tare bayan isha'i in yara sun kwanta, ni in ja babi ɗaya, shi ya ja na gaba. Shi ba ya haƙuri da littafin soyayya, ni kuma na harbe-harben nan ba sa zauna mini. An ce akwai na bincike waɗanda miji da matarsa ne ke gano mai laifin tare. Wa ya san su? Da Faransanci za mu fi so, don Ingilishinsa bai yi nisa ba.

Mushe Idi (Lazare): Wa alaikumus salam. Faɗuwa ta zo daidai da zama, ƴata, don irinsu na fi tarawa tun ina koyarwa a lise. Ku fara da Agatha Christie, amma ku ajiye Poirot, mashahurin mai bincikenta, gefe tukuna. Tana da wasu ma'aurata, Tommy da Tuppence Beresford, littafi biyar ta yi a kansu. Na farkon, Mr Brown, ya fito a 1922, shi ne littafinta na biyu gaba ɗaya. A nan ba su yi aure ba. Saurayi ne da budurwa da yaƙin duniya na ɗaya ya ƙare ya bar su a Landan ba aiki ba kuɗi, suka zauna wurin shan shayi suka tsara tallar jarida cewa za su yi kowane irin aiki, su je ko'ina, muddin za a biya da kyau. Daga nan suka faɗa neman wata yarinya da aka damƙa wa takardun sirri ranar da jirgin ruwan Lusitania ya nutse a 1915. Sai Le crime est notre affaire na 1929, gajerun labarai ne, sun shekara shida da aure aka ba su riƙon wani ofishin bincike. Sai N ou M ? a 1941, Mon petit doigt m'a dit a 1968, na ƙarshe Le Cheval à bascule a 1973.

Abin da ya sa na fi ƙaunarsu, tsufa suke yi. Poirot kusan yadda ka same shi haka za ka bar shi. Su kuwa ka san su suna ƴan ashirin da wani abu, ka ji sun haifi tagwaye, ka ga yaran sun girma sun shiga aikin yaƙi, ka dawo ka tarar sun haura saba'in, gwiwa ta fara ƙi, amma har yanzu in ɗaya ya fita bai dawo da wuri ba ɗayan ba ya iya zama. Shekara 51 ke tsakanin littafin farko da na ƙarshe.

Tanti Rabi (Bukoki): Mushe, ka bar mini N ou M, wannan nawa ne. Maman Nafisa, da shi za ku fara. Ba zan fasa ƙwai ba, bakin labarin kawai zan ba ki. Shekarar 1940 ce, ana yaƙi da Jamus, su biyun sun wuce arba'in, duk inda suka kai kansu neman aiki sai a ce sun tsufa. Rannan wani jami'in leƙen asiri ya zo gidan. Ana cikin hira waya ta yi ƙara, Tuppence ta ce ƙawarta na nemanta da gaggawa, ta buga ƙofa kamar ta fita. Sai baƙon ya buɗe wa Tommy ciki: akwai ƴan leƙen asirin Jamus biyu, ana zargin ɗayansu na wani gidan saukar baƙi a bakin teku mai suna Sans Souci, ya je da sunan ƙarya, kuma ko matarsa kada ta sani. Tommy ya daure ya ce mata aikin takardu aka ba shi a Sikotilan, zuciyarsa duk ba daɗi. Ya yi zagayensa ya isa gidan, mai gidan na gabatar masa da baƙinta ɗaya bayan ɗaya, sai ga wata bazawara tana saƙa, wai Madam Blenkensop. Ta ɗago kai. Matarsa ce. Ta riga shi zuwa.

Wallahi ranar da na kai wurin nan sai da na rungume littafin. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta ji an ce aikin ba na mata ba ne, ta je ta kama aikin. Shi kuma abin da ya fi taɓa ni, bai ji an ci masa fuska ba. Alfahari ya yi da ita.

Maman Nafisa: Tanti kin gama da ni. Ina ake samunsa?

Alhaji Lawali (Yantala): Kafin a kai ga nan, ni tsohon jandarma ne, dole in faɗi gaskiyar aiki. Sirrin bincike ba a kai shi gida. Wanda ya saba zazzage wa iyalinsa abin da ke cikin dosiye, ranar da magana ta fita shi za a tuhuma. In kuna karantawa ku san labari ne. Amma akwai abu guda da marubutan nan suka hango, kuma a ƙasarmu ya fi ƙarfi: namiji mai kaki iyakarsa zaure. Wata shekara ina aiki a wani gari can gabas, sarƙar zinariyar uwar amarya ta ɓace a gidan biki. Na zauna ƙarƙashin rumfa da maza daga azahar har la'asar, kowa na cewa Allah ya tona asiri, ba wanda ya ga komai, tunda ba wanda ya shiga ciki. Hajiya ta je bikin don maƙwabtaka, ban aike ta ba, ban ce mata uffan ba. Da dare tana zuba mini tuwo ta ce wani abu ya ba ta mamaki: wance ta shigo da jakarta rataye a kafaɗa, da za ta tafi kuwa ta rungume ta a ƙirji ƙarƙashin mayafi, kuma ba ta tsaya rabon goro da alawa ba, ita da ba ta taɓa barin rabonta. Na ajiye lomar da ke hannuna. Kashegari kafin hantsi sarƙa ta koma ta hannun wata dattijuwa, ba a kai kowa komisariya ba, aka rufa asiri.

Balkisa (Haro Banda): Baba Alhaji, abin da ka ba da yanzu shi ne ƙashin bayan littattafan Anne Perry. Yaya Maman Nafisa, ki rubuta wannan sunan. Thomas Pitt sufeton ƴan sanda ne a Landan zamanin Sarauniya Biktoriya, labarin farko a 1881 yake. Ɗan talaka ne, ubansa mai tsaron dajin farautar wani attajiri ne. In bincike ya kai shi gidan masu hali, ta ƙofar masu kawo cefane ake so ya shiga, matan gidan kuwa kallon banza suke masa. Charlotte ƴar irin waɗannan gidajen ce. Ta aure shi, ta bar gidan da barori ke yi mata komai, ta koyi girki da wanki da hannunta. In aikinsa ya cije sai ta ari riga wurin ƙanwarta Emily, wadda ta auri mai sarauta, su tafi ziyarar shan shayi ko gaisuwar mutuwa. A can ake jin wanda bashi ya yi wa katutu, da yarinyar da aka tura ƙauye wata da watanni wai don ta huta, da matar da fuskarta ta canja da aka ambaci sunan mamacin. Da dare su haɗu a kicin, ya ciro abin da ya samo daga titi da ɗakin gawa, ta ciro nata daga falo, su jera su a kan teburi. Rabin gaskiya na hannunsa, rabi na hannunta. Babin kicin ɗin nan shi nake jira a kowane littafi, ya fi mini ma babin da ake kama mai laifin.

Na farkon L'Étrangleur de Cater Street, 1979, nan suka haɗu. Na biyu Le Mystère de Callander Square. Sun haura talatin, kuma kamfanin buga littattafai na 10/18 ya fitar da su cikin jerin Grands détectives. Sai dai suna da nauyi. Na biyun da gawar jarirai biyu ya buɗe, an tono su a lambun unguwar masu kuɗi. Ki tabbata Nafisa ta yi barci da gaske.

Mushe Idi: Tunda an kawo Anne Perry, gara a san wace ce. Sunanta na yanka Juliet Hulme. A 1954, tana ƴar shekara 15 a Niyu Zilan, ita da ƙawarta suka kashe uwar ƙawar. Ta yi shekara biyar a kurkuku, ta fito ta canja suna. Sai a 1994 duniya ta san ita ce marubuciyar. Ta rasu a 2023. Akwai waɗanda ba sa taɓa littafinta saboda haka, kuma ba na ganin laifinsu.

Balkisa: Haka ne, Mushe. Ni da na sani sai na ƙara fahimtar dalilin da ya sa littattafanta ba sa wasa da kisa. Ba ta taɓa barin ka manta cewa mamacin ɗan wani ne. Amma kowa da abin da zuciyarsa za ta ɗauka.

Sani (Tawa): Sallama gare ku mutanen Yamai, ni nan Tawa nike ina bin ku shiru. Mushe, mi za ka ce game da Madam Maigret, matar Kwamishinan ƴan sanda Maigret? Kowa na ɗauka girki kaɗai ne nata. Ku nemi Le Fou de Bergerac na Simenon, 1932. Maigret ya diro daga jirgin ƙasa shina bin wani mutum cikin dare, anka harbe shi a kafaɗa. Duk binciken a kwance ya yi shi cikin ɗakin otel, abin da taga ta nuna mashi kaɗai yake gani. Matarsa ta taho jinya, ita ta riƙa shiga gari tana dubo mashi abin da yake son sani, ta komo ta bayyana mashi. Sannan ga L'Amie de Madame Maigret na 1950. Tana zaune kan benci tana jiran lokacin ganin likitan haƙori, wata mata ta bar mata ɗan yaro ta ce yanzu za ta komo, ta yi ta jira har abincin da ta aza a wuta ya ƙone. Daga baya ita da ƙafarta ta bi shagunan masu ɗinkin hula ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda ya ɗinka hular matar nan, abin da ƴan sandan mijinta ba su iya ba.

Tanti Rabi: Malam Sani, ina son Madam Maigret, amma ban sa ta cikin wannan sahun ba. Aike ake yi mata. Cikin littattafan Maigret 75, nawa ne aka ba ta irin wannan filin? Sauran duk jira take da abinci a kan wuta. Tuppence shawara ake yi da ita, wani sa'in ma ita ke gaba. A Mon petit doigt m'a dit, Tommy ya tafi taronsa, ita kaɗai ta hau hanya neman gidan da ta gani a jikin wani zane, don kawai maganar da wata tsohuwa ta yi mata a gidan kula da tsofaffi ta hana ta sukuni.

Sani: Tanti, neman hular nan ba wanda ya aike ta, ita ta sa kanta. Kuma ni nakan ga auren iyayenmu a cikinsu. Ba su yawan magana, amma in ya shigo ta dubi yadda ya aje hularsa ta san ko aikin ya tahi daidai. Wanga ma sanin juna ne.

Tanti Rabi: Sanin juna ne, ban musa ba. Ni dai ina son in ji bakin matar a cikin shawarar.

Ramatu (Jami'ar Abdu Mumuni): In sa baki, iyayena? Ni da Ingilishi na karanta nawa, amma Mushe zai san ko akwai fassara. Dorothy Sayers. Lord Peter Wimsey ya fara ganin marubuciya Harriet Vane ne a kotu, a littafin 1930, ana tuhumarta da ba wa tsohon masoyinta guba. Ya wanke ta, ya nemi aurenta, ta ƙi. Dalilinta shi ya sa nake girmama littattafan: ba ta son auren da za ta ƙare rayuwarta tana godiya, tana jin bashin rai ne take biya. Sai a littafin 1935 ta amsa, bayan ta tabbata ba tausayi ba ne, kuma ba zai hana ta rubutunta ba. A Busman's Honeymoon na 1937 suka tare a wani tsohon gida da suka saya a ƙauye, aka tsinci gawar mai gidan na da a ɗakin ƙasa.

Abin da ban gani a wani wuri ba shi ne ƙarshensa. An gano mai laifi, an yanke masa hukuncin rataya, kuma littafin bai tsaya nan ba. Peter tsohon soja ne da yaƙi ya bar wa ciwo a zuci, kuma ya san shi ya kai mutumin ga igiya. Daren da za a wayi gari a zartar, ya kasa zama, ya kasa barci. Harriet ba ta bi shi ba, ta zauna ta jira ko zai kawo kansa. Ya kawo. Mai binciken da ba shi da kowa, in an rufe dosiye sai ya kunna lofe a wuce wurin. Mai iyali kuwa dole a nuna mana inda yake sauke abin da ya ɗauko.

Alhaji Lawali: Ƴata, wannan gaskiya ne, kuma ba a faɗinsa. Akwai daren da mutum zai dawo daga aiki abinci ba zai shiga ba. Hajiya ba ta tambaya, sai dai ta ɗauke kwanon ta kawo kunu, ta zauna.

Abdu (Wadata): Ba wanda ya ambaci L'Introuvable na Dashiell Hammett? 1934, Nick da Nora Charles a Niyok. Hammett kansa ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin ya fara rubutu, shi ya sa maganar ƴan daba da ƴan sandansa ke da ɗanɗanon gaske. Nick ya bar aikin yana kula da dukiyar da matar ta gada, ita ce ke zuga shi ya koma don tana son ta gani da idonta. Raha tsakaninsu ba a magana. Gajere ne kuma.

Mushe Idi: Littafi ne mai kyau, Abdu, amma tunda da baki za su karanta wa juna a ɗaki, a gaya musu: giya ce daga shafin farko har na ƙarshe, da ita suke karya kumallo. Kuma Nora kallo ta fi yi, Nick ke aikin.

Maman Nafisa: To wannan a bar shi tukuna. Na gode Abdu.

Hajiya Mariyama (Kwara Kano): Ni biyu zan ƙara in koma gefe. Un crocodile sur un banc de sable na Elizabeth Peters, 1975. Marubuciyar digirin dakta gare ta a tarihin tsohuwar Masar daga Jami'ar Shikago, don haka haƙar kaburburan Fir'aunoni da ke ciki ba shaci-faɗi ba ne. Amelia Peabody da mijinta Emerson kullum cikin gardama suke, ita da lemarta shi da tsawarsa, amma ranar da ɗaya ya shiga haɗari za ki ga ƙauna tsirara. Ku karanta da sanin cewa idon Turawan Ingila ne ke kallon Misirawa a ciki, wani wurin zai sosa muku rai. Na biyu Mma Ramotswe détective, 1998, a Gaboron ta Botsuwana. Ta sayar da shanun da ubanta ya bar mata ta buɗe ofishin bincike. Wanda ta aura daga baya, Malam Matekoni, makanike ne mai gareji, aikin nata ne, shi dai jingina ne da shawara. Ba jini da yawa, akwai shanu da fari da zumunci, za ku ji kamar gida.

Sani: Abin da ke cina, namu na kusa da nika sani, irin su Musa Konate na Mali da Kwamishina Habib nasa, da yaronsa Soso yake aiki. Mu kuma namu na Hausa da ke zo muna daga Kano, da yawa ɗaurin aure ne ƙarshen labari, ko kuwa shi ne mafarin rikici. Ina son in ga wanda anka fara bayan an shekara goma da aure, ana zaman lahiya, sai ga gawa ko sata a unguwa.

Tanti Rabi: Kayan aikin kuwa ga su zube. Ni ungozoma ce, abin da kunnena ke ji a ɗakin haihuwa da gidan suna, amana ce ba ta fita, amma na san marubuci zai iya gina irinta ba tare da ya taɓa kowa ba. Ku ɗauki ɗan sanda a Zongo da matarsa mai kitso. Kan mace na kan cinyarta awa uku, wane labari ne ba zai zubo ba? Shi yana da masallaci da fada da tasha, ita tana da biki da makoki da layin famfo.

Alhaji Lawali: In ma mata biyu gare shi, labarin bai lalace ba, ƙaruwa ya yi. Uwargida ta san asalin kowane gida a unguwa, wa ya auri wa, wace gaba ce ta kwana tun zamanin kakanni. Amarya ta san abin da ke yawo a wayoyin yara. A nuna su suna haɗa kai a kan wani abu da ya fi kishi girma. Wannan Bature ba zai iya rubuta mana shi ba.

Ramatu: Baba, na kwafe wannan cikin kayena. Da gaske nake.

Maman Nafisa: Allah ya ba ki iko, ƙanwata, mu ne masu saye na farko. Yanzu ina zan nemo su?

Balkisa: Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa wajen Babbar Kasuwa. Kada ki tambayi suna, ba kowa ya san abin da ke cikin tarinsa ba. Ki tsuguna ki nemi masu bango rawaya da hoton abin rufe fuska da alƙalamin gashin tsuntsu, su ne na Le Masque, yawancin Christie a nan suke. Na Perry ki duba lambar 10/18 a ƙashin littafin. Ki buɗe shafin ƙarshe ki tabbata yana nan kafin ki biya, kuma in an ce jika biyu ki taya. Ki leƙa kuma laburaren tsohon CCFN, cibiyar al'adun Faransa da Nijar.

Abdu: Akwai finafinan Pascal Thomas ma, Catherine Frot da André Dussollier suka fito a matsayin Tommy da Tuppence, sun mai da labarin Faransa. Amma na 2008 mai suna Le crime est notre affaire, labarin cikinsa daga Le Train de 16 h 50 na Miss Marple, wata mai binciken Christie daban, aka ɗauko, kada ki kalla ki ce kin san littafin.

Mushe Idi: N ou M da Mon petit doigt suna kan kantata, ƴata. Ki turo yaro gobe bayan la'asar, ina fada ƙofar gida. Le Cheval à bascule kuwa ku bar shi sai ƙarshe. Ta haura tamanin ta yi shi, shi ne na ƙarshe da ta rubuta kafin rasuwarta a 1976, zance na maimaituwa, zaren binciken na kubce mata.

Tanti Rabi: Binciken ya yi rauni, na yarda, amma kada ku tsallake shi. Tsoho da tsohuwa sun sayi gida suna jera tsofaffin littattafan yara, ita ta ga an ja layi ƙarƙashin wasu haruffa, ta kira shi ya zo ya gani, ya zo. Ni don hirarsu nake komawa gare shi.

Sani: Mushe, in sun gama da N ou M ni ke bi. A ba direban motar Tawa, in amsa a tasha. Ni kuma in aiko ma Tanti Rabi L'Amie de Madame Maigret ta hannunsa, ta karanta mu sake zama kan maganar aike.

Tanti Rabi: Aiko shi. Ka naɗe shi cikin leda saboda ƙura.